Baba Munzali na Bakin Halba

A Jidda babur sunansa dabbab, filin da ake gudun babura kuwa halba. A bakin Baba Munzali na fara jin waɗannan kalmomi, wata Asabar da safe, a wani fili can arewa da Abhur inda gidaje suka ƙare rairayi ya soma. Ina aikin gwajin jini a wani asibiti a lokacin, abokina Musaddiq kuma yana ɗakin hoton ƙashi. Daga Zariya muka zo mu biyun, a kan kwantiragi. Musaddiq ne ya sayi babur, ƙato, ja, wanda ya fi ƙarfinsa. Ni rakiya kawai na yi.

Muna tsaye muna zazzare ido cikin Larabawa da Turawa masu rigunan fata, sai wani gajeren mutum baƙi mai furfura a gemu ya nufo mu, hannunsa na dama cikin aljihun riga. Ya ji Musaddiq yana ce mini gabansa na faɗuwa.

"Ahlan, ahlan. Hausawa ne?" Ya miƙo mana hannun hagu. "Ku yi haƙuri da hagun, na daman ya yi ritaya. Wane ne mai dabbab ɗin?"

Musaddiq ya ce shi ne.

"To ajiye shi, ɗana. Ƙafa za mu fara hawa."

Daga baya, a hankali, na ji labarinsa, wani a bakinsa, wani a bakin matarsa Sauda.

Sunansa Munzali Abdallah. A Jidda aka haife shi. Iyayensa Hausawan Sudan ne da suka ƙetaro teku don aikin hajji, suka zauna. Bai taɓa ganin Sudan ba, balle ƙasar Hausa da ake cewa kakansa ya baro a ƙasa. Hausarsa a gida ya koye ta, tana da tsofaffin kalmomi irin waɗanda sai a bakin kakanni ake ji, ga Larabci na faɗo mata a tsakiyar magana. Karatu bai yi nisa ba. Tun yana saurayi ya shiga warsha, wato gareji, a unguwar Khumra, ya koyi gyaran babur. Can ya girma, can ya yi aure, can aka haifa masa 'yarsa tilo, Lailatu. Shi ya sa Larabawa ke kiran sa Abu Laila.

Mai garejin, Abdulmohsen, shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa wurin hukuma, iƙamarsa, takardar izinin zama, a hannunsa take. Mutum ne mai son babura ƙwarai. Idan sanyi ya shigo yakan karɓi hayar wannan fili, ya tara masu manyan babura su yi ta zagaye daga safe zuwa azahar. Munzali ne ke ɗaure musu sarƙa, ya duba iskar taya, ya saurari inji. Shekaru yana wannan aiki bai taɓa shiga halbar ba. Ƙaramin babur ɗin da yake zuwa sayo kayan gyara kawai ya sani.

Wata rana Abdulmohsen ya ba shi aron babur da rigar fata da hular kwano. Ya ce, "Yalla ya Abu Laila, kai ma ka ɗanɗana abin da kake dafawa."

Sauda ta ce mini ranar ko karin kumallo bai iya ci ba don murna. Ya sa rigar a gida, ya tsaya a gaban madubi, Lailatu tana ta yi masa dariya.

A wancan lokaci babu rabewa. Wanda ya shekara goma yana hawa da wanda yau ya fara, tare ake sakin su. Ba wanda ya gaya wa Munzali komai, sai dai cewa idan ya ga jar tuta ya tsaya. Ya yi ɗan zagaye lafiya. Yana shiga wata doguwar kwana da ke fuskantar teku, wani gwani ya wuce shi ta ciki kamar walƙiya. Ya firgita, ya damƙe birkin gaba yana kwance cikin kwanar. Babur ya ɗaga shi ya buga da kafaɗa a kan kwalta.

Ƙashi ya warke. Jijiyoyin da ke saukowa daga wuya zuwa hannu su ne suka tsinke. Likitoci suka yi aiki, suka sake yi, hannu bai motsa ba. Abin da ya rage masa a ciki sai zogi, kamar an zuba masa garwashi a tafin da ba ya ma jin taɓawa.

Ya daɗe a ɗaki. Bakaniken da ba zai riƙe sifana ba, me zai yi a gareji? Sauda ta soma soya sambusa da tuya ƙosai tana aikawa da su gidajen Hausawan unguwarsu, Kurayyat. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne shirunsa, ko zogin bai kai shi ba. Mutumin da a da ba ya rufe baki, sai ya wuni yana kallon bango. Idan babur ya wuce a titi ya juya fuska.

Abdulmohsen bai sallame shi ba. Ya zo gidan da kansa, ya zauna a tabarma, ya yi kuka. Da sanyi ya zagayo ya ce Munzali ya zo halba ya riƙe tuta a bakin hanyar da mahaya ke fitowa su huta. Sauda ta ƙi. Munzali ya ce zaman ɗakin zai kashe shi kafin filin ya kashe shi, ya tafi.

Daga wurin da yake tsaye yana ganin fuskar kowa da zarar ya cire hula. Gwanaye na fitowa suna shewa. Sababbi kuwa ya san su tun daga nesa: leɓe a bushe, su koma gefe su yi kamar suna duba waya. Ba mai tambayar su komai. Da yawansu ba sa sake dawowa. Wasu kuma a motar asibiti suke barin wurin.

Ya fara zuwa wurinsu da robar ruwa. Ya zauna kusa da mutum, ya bari ya sha, sannan ya ce, "A ina zuciyarka ta tsinke?"

Da farko kowa cewa yake babu komai. Sai ya fito da hannunsa daga aljihu, ya ɗora shi a cinya da taimakon hagun, ya ce, "Ni a kwanar teku tawa ta tsinke. Kai fa?" Nan bakuna ke buɗewa. Wani ya ce rana na dukan idonsa a miƙaƙƙiyar hanya. Wani ya ce bai san inda zai fara taka birki ba. Mafi yawa abu ɗaya suke faɗa: ƙarar babur a bayansu, da rashin sanin ta ina zai wuce.

Tunda shi ba zai sake hawa ba, da maganarsu yake ganin halbar. Yakan ce mini ya fi sanin filin yanzu da kunne fiye da yadda ya san shi da taya. Duk abin da ya ji sai ya kai wa Abdulmohsen. Ya roƙi a ware wa sababbi lokacinsu su kaɗai.

Ba a yarda nan da nan ba. Tsofaffin mahaya suka ce za a cinye musu safiya, rana kuma ba ta jira. Wani ya ce wurin ba makarantar yara ba ce. Abdulmohsen ya yi ta jan ƙafa, don waɗannan mutanen su ne abokan cinikinsa. Munzali bai yi faɗa da kowa ba. Duk Asabar sai ya maimaita roƙon, yana kawo sabon abin da wani ya gaya masa. A ƙarshe Abdulmohsen ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, halas. Ɗauki farkon safiya, ka bar ni in huta."

Haka tsarin da muka tarar ya samu. Kafin a kunna inji, sababbi su bi Baba Munzali a ƙasa su zagaye filin gaba ɗaya. Yana tafe yana nuna inda kwalta ta yi santsi, inda iska ke kwaso rairayi, inda za a sassauta totur. Ya sa aka jera jajayen robobi a bakin kowace kwana. Ya samu wani gwani mai haƙuri ya zama jagora, yana gaba sababbi na biye, ba mai wuce wani. Da an fito kuma kowa ya zo ƙarƙashin rumfa a zauna a yi da'ira, a sha ruwa, a faɗi abin da aka ji a jiki.

Shi ma ba a bar shi ba. Lokacin da mata suka fara zuwa, akwai wata Lujain, malamar makaranta, da ta ce masa a gaban kowa, "Ya ammi, baffana, in ka ɗaga murya daga bakin hanya, ni kai nake kallo, ba hanyar ba. Tsoronka ya fi na kwanar."

Baba ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Gaskiyarki, 'yata." Daga ranar bai ƙara yi wa wanda ke kan babur tsawa ba. Sai ya jira ya sauko.

Musaddiq ya zama nasa tun daga wannan safiya ta farko. Mutum ne mai surutu da barkwanci, ga shi ba ya jin kunyar cewa ya tsorata. A da'ira shi ke fara magana. "Baba, wallahi a kwanar tekun nan kalmar shahada na yi." Kowa ya fashe da dariya, sauran su samu ƙarfin faɗin nasu.

"Me kake kallo lokacin?" in ji Baba.

"Rairayin gefe."

"Shi ya sa ka nufe shi. Dabbab ba shi da ido, da naka yake gani. Juya haɓarka zuwa mafita. Kuma ka saki kafaɗa, ka daina riƙe shi kamar ka kama ɓarawo."

Yakan tsaya a bayansa ya dafa masa kafaɗa da hagu har sai ta sauka. Ya koya masa matsa birki a hankali kamar mai tatsar lemo, ya sa shi ya yi ta maimaitawa a gefen fili har ya gaji. Cikin sanyi biyu Musaddiq ya zama mai natsuwa a kan babur. Ba shi da gudu, amma yana da tsafta, har Baba ya fara sa shi a gaban sababbi idan jagora bai zo ba.

Zumunci ya wuce halba. Musaddiq ya kawo matarsa Naja'atu da 'ya'yansu biyu gidan Baba a Kurayyat. Sauda ta ɗauke ta kamar ƙanwa, ta koya mata kasuwannin da ake samun kuka da daddawa. Yaran na kiran Baba Kaka. Idan an kwana biyu ba su zo ba sai ya bugo waya yana ƙorafi. Bai haifi namiji ba, kuma ba ya ɓoye cewa Allah ya ba shi ɗa da girma.

Wata Talata da hantsi ina ɗakin gwaji aka kira ni. Musaddiq yana hanyar zuwa aiki a kan babur ɗinsa, da hularsa da rigarsa, a layinsa, ba gudu yake ba. Wata babbar motar kaya ta karyo daga gefe ba tare da ta ba da alama ba. Waɗanda suka gani sun ce ya taka birki, babur ɗin bai ko karkace ba, sai dai babu wurin tsayawa. Asibitinmu aka kawo shi. Abokan aikinsa ne suka karɓe shi a ƙofa, ya riga ya cika.

Ni na je na gaya wa Baba. Na same shi a garejin Khumra yana zaune a kan wata taya, yana nuna wa wani bakanike abin da zai kwance. Da ya ga fuskata sai ya miƙe. Na faɗa masa. Ya yi salati, ya koma ya zauna. Can ya ce, "Da hula a kansa?"

Na ce da ita.

"Ya taka birki?"

Na ce ya taka.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da gyaɗawa, hawaye na bin gemunsa.

A Jidda aka binne shi. Baba ya kutsa cikin mutane ya sa kafaɗar hagu a ƙarƙashin makara, ya ƙi ba kowa wuri har bakin kabari.

Kafin Naja'atu ta koma gida da yara, mun je mata ta'aziyya ni da shi da Sauda. Tana zaune a ƙasa cikin hijabi, akwatuna a ɗaure a gefe. Aka yi addu'a. Muna shirin tashi sai ta yi magana, a hankali, ba tare da ta ɗago ba.

"Baba, zan faɗa muku wani abu, ku yafe mini. Satin da ya sayi babur ɗin nan tsoronsa yake ji. Ya ce mini zai sayar. Har ya samu mai saye. Da ya je wurinku ya dawo, sai ya ce ya fasa, ya samu wanda ya cire masa tsoro." Ta share ido. "Na san kwana ne ya ƙare. Amma ni da kun bar masa tsoronsa."

Sauda ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Na ji, 'yata. Allah ya ba ki haƙuri." Muka fito.

Sauran sanyin nan bai je halba ba. Abdulmohsen ya aiko, Lujain ta bugo waya, ya ce ba shi da lafiya. Ba ƙarya ya yi ba, zogin hannun ya taso masa fiye da da, ga ciwon suga ya bayyana. Nakan je in same shi a ƙofar gida. Wata rana ya tambaye ni, "Kai da ka yi boko, gaya mini. Wanda ka koya wa iyo ya shiga teku ya nutse, da wanda ba ka koya wa ba ya tsaya a gaɓa, wanne ka yi wa alheri?"

Na ce ban sani ba, Baba. Na ce amma akwai waɗanda za su shiga ko an koya musu ko ba a koya ba.

"Su na sani," in ji shi. "A kan Musaddiq nake tambaya."

Da sanyi ya dawo, Baba ya koma halba. Ba wanda ya lallashe shi. Labari ya iske shi cewa tunda ba ya nan an daina zagayen ƙasa, an daina zaman da'ira, wani sabon mahayi ya karye a ƙugu. Ya sa Sauda ta ɗaura masa maɓallin riga, ya fita. Amma ya canza. Barkwancin ya tafi. Kuma ya ƙara wani abu da ba ya yi a da: duk wanda ya ce masa yana jin tsoro har yana tunanin sayar da babur, ba ya ƙarfafa masa gwiwa. Sai ya ce, "In zuciyarka ta ce ka sayar, sayar. Ba abin kunya ba ne." Wasu sun sayar. Abdulmohsen ya yi ƙorafi cewa yana korar masa mutane, Baba ya yi kamar bai ji ba.

Bai daɗe da komawa ba mai filin ya sayar da shi ga masu gina gidaje. Abdulmohsen, wanda shi ma tsufa ya kama, ya rufe garejin ya koma wurin 'ya'yansa a wani gari. Kafin ya tafi ya nema wa Baba wani kafili, mai rumbun ajiyar kaya a Khumra, inda zai yi gadi, don kada iƙamarsa ta mutu. Ba shi da inda zai nufa in ta mutu. Takardunsa na Sudan ne, can kuma yaƙi ake yi, bai san kowa ba.

Mahayan suka koma wata halba mai nisa da gari. Lujain ta gaya mini sun tafi da tsarin gaba ɗaya, har ita ke jagorantar zaman da'ira yanzu. Sun gayyace shi, sun ce za su riƙa aiko mota. Sabon aikin ba ya ba da hutun Asabar, jikin ma ba zai ɗauki tafiyar ba. Ya ce su gaishe da kowa. Sababbin da ke zuwa can yanzu ba su san sunansa ba.

Bara kwantiragina ya ƙare. Ana jibi zan tashi na je yi masa sallama. Na same shi a ɗan ɗakin gadi na kwano a bakin rumbun, fanka na kaɗa iska mai zafi. Ya rame, idonsa ɗaya ya soma yin fari. Lailatu ta yi aure a Makka, in ji shi, Sauda kuma ƙafa ta hana ta tuya.

Ya sa na zuba mana shayi. Ya ce in ba shi labarin Zariya, ba na birni ba, na damina. Na gaya masa yadda ƙasa ke ƙamshi idan ruwan farko ya sauka, yadda dawa ke fin mutum tsayi, yadda yara ke gasa masara a bakin hanya. Ya rufe ido yana saurare. Ya ce mahaifiyarsa ma haka take faɗa, ita ma a bakin tata uwar ta ji.

"In ka isa, ka nemi Naja'atu," in ji shi. "Ka duba mini yaran, ka ga ko suna makaranta. Kada ka ce ni na aiko ka in ka ga zai tayar mata da hankali. Ka dai bugo ka gaya mini tsayinsu."

Na ce in sha Allah.

Wata motar kaya ta tsaya a waje tana ta hon. Ya ajiye kofin, ya dafa bango ya miƙe. Na ce bari in buɗe. Ya ce a'a, in mai rumbu ya gani zai ce ya kasa. Ya fita cikin rana, ya sa kafaɗa ya tura ƙyauren ƙarfen har ƙarshe, ya tsaya a gefe motar ta shige. Daga nan ya ɗaga mini hannu ya ce in gaida mutanen gida.